Ɗan Leƙen Asiri A Cikin Aljihu

A makon jiya wani ɗan kasuwa daga Isa ya aiko mini da takarda yana kuka da wayarsa. Ya ce sabuwa ya saye ta a cikin kwali, amma duk sa'ad da ya sa mata kati sai ya wayi gari ya tarar kuɗin ya ragu, alhali bai kira kowa ba. Ya kai ta wurin mai gyara an wanke ta tas, bayan kwana biyu abin ya komo. Tambayarsa ita ce, shin yana da hakkin mayar wa wanda ya sayar masa da ita, ko kuwa asara ta hau kansa?

Kafin mu je ga hukunci, ya kamata mu san cutar tukuna. Ban ga wayar wannan bawan Allah ba, saboda haka ba zan yanke cewa ga abin da ke damunta ba. Amma alamun da ya zayyana sun yi kama da wani abu da ya riga ya faru. A watan Agusta na 2020 wani kamfanin tsaron waya mai suna Upstream ya ba da sanarwa cewa ya gano wayoyi ƙirar Tecno W2 wajen 53,000 da aka sayar a Habasha da Masar da Ghana da Kamaru da Afirka ta Kudu ɗauke da wata muguwar manhaja wadda ake kira Triada, tun daga cikin kwali. Aikinta shi ne ta janyo wata 'yar'uwarta, xHelper, wadda ke yi wa mai waya rajista a asirce da waɗansu hidimomi na biyan kuɗi, ana zaftare masa kati da data bai sani ba. Ko an wanke wayar an mai da ita kamar yadda ta fito daga masana'anta, abin ba ya fita. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai yin Tecno da Itel da Infinix, ya ce laifin na wani ne daga cikin masu kawo masa kayan haɗi, ya kuma ce ya fid da gyara.

Wannan satar kuɗi ce. Akwai wadda ta fi ta muni, watau satar asiri. A 2016 masu bincike na kamfanin Kryptowire a Amurka suka tarar da wayoyin BLU, kimanin 120,000, suna kwashe saƙonnin mutane da sunayen abokan hulɗarsu da jerin waɗanda suka kira, suna aikawa da su birnin Shanghai bayan kowane kwana uku. Manhajar da ke wannan aiki ta wani kamfani ce mai suna Adups, wadda aka ce an sa ta domin sabunta waya. Masu wayoyin ba su ga alamarta a fuskar waya ba, balle su ce sun yarda ko ba su yarda ba. Abin lura a nan shi ne, wayoyi masu araha su ne abin ya fi faɗa wa, domin mai ƙera su ribarsa kaɗan ce, sai ya nemi ciko ta wajen barin waɗansu su cusa kayansu a ciki. Talaka ya biya kuɗi kaɗan, sauran ya biya da asirinsa. A kan haka ne ƙungiyoyi fiye da 50, Privacy International na gaba, suka rubuta wa shugaban Google takarda a Janairun 2020 suna neman a ba mutane ikon goge irin waɗannan manhajoji.

Mai karatu a Legas ko Kaduna yana iya cewa, to me ya yi zafi don wani a Shanghai ya san wanda na kira? Mutumin Sabon Birni ba zai faɗi haka ba. Mu da muke ƙasar Gobir mun san abin da labari ke jawowa idan ya faɗa kunnen da bai dace ba. Mun san ma'anar kalmar infoma. Mun ga yadda a watan Satumba na 2021 aka rufe sabis a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, Isa da Sabon Birni na ciki, domin hukuma ta ga waya ta zama makami a hannun 'yan bindiga. Ba ina cewa ɓarayin daji ne ke karanta abin da Adups ta kwasa ba, wannan zance ne daban. Abin da nake cewa shi ne, a wurin da sanin ranar da falke zai taso daga Shinkafi da kuɗin shanu yake iya zama sanadin ransa, bai kamata mutum ya yi sakaci da abin da ke fita daga wayarsa ba. Ma'aikacin gwamnati ma haka: saƙon albashi, lambar sirri da banki ke turowa, takardun ofis da ake aikawa ta WhatsApp, duka a nan suke kwana.

Kuma ba daga masana'anta kaɗai ɓarnar ke zuwa ba. Wayar hannu da aka saya wurin wani, da wadda aka bari a shagon caji tun safe har magariba ba a kulle ba, da wadda aka miƙa wa yaro ya zuba mata wa'azi da karatu, kowacce tana iya komowa da baƙo a ciki. Har akwai magidanta da ke sayen waya su sa mata manhajar bibiya, sa'an nan su ba matarsu a matsayin kyauta. Wannan shi ne tajassusin da aya ta 12 ta Suratul Hujurati ta hana, kuma ayar ba ta ware miji ba. Shari'ar da ta ce a nemi izini kafin a shiga gidan mutum, kamar yadda ya zo a aya ta 27 ta Suratun Nur, ba za ta halatta a shiga saƙonninsa ta bayan gida ba.

Yanzu ga amsar mai tambaya. A mazhabarmu ta Malikiyya, ɓoye aibin haja da algushu haramun ne, Ibn Abi Zaid ya kawo wannan a babin ciniki na Risala. Wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibi wanda ke rage masa daraja, wanda kuma ba a nuna masa ba, yana da zaɓi, ko ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Wayar da ke cin katin mai ita tun ranar da aka buɗe kwalinta, a ganina, ta shiga wannan babi. Rashin sanin mai shago yana ɗauke masa zunubin ha'inci, amma ba ya hana a mayar masa da kaya. Shi kuma sai ya bi wanda ya yi sari a wurinsa, ko a Sakkwato ne ko a Farm Centre ta Kano. Inda gizo ke saƙa shi ne tabbatar da cewa aibin tsoho ne, ba mai saye ne ya jawo shi da hannunsa ba. Wannan aikin masana ne, kamar yadda alƙalan da suke kiran masu sanin dabbobi idan an yi gardama a kan doki. Wanda kuwa ya san wani samfuri na da wannan cuta ya ci gaba da sayarwa ya yi shiru, ya ci amana.

Kafin a kai ga rigima, ina shawartar ɗan'uwana ya fara cire layin ya sa a wata waya na kwana biyu. In kuɗin ya ci gaba da raguwa, to matsalar a layi take, sai ya nemi kamfanin layin su soke duk rajistar da aka yi masa, in ba su saurare shi ba ya kira hukumar sadarwa ta NCC a lamba 622, kyauta ne. In kuwa ya tsaya, wayar ce. Ya duba izinin da kowace manhaja ke riƙe da shi. Tocila ba ta da abin yi da saƙonni ko sunayen mutane. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ta kafa hukumar NDPC, tana karɓar ƙorafi a kan masu kwasar bayanan mutane ba da izini ba, ko da yake daga Isa zuwa Abuja tafiya ce. Kafin nan, kada ya bar manhajar bankinsa a kan wannan waya ko da kwana ɗaya, kuma ya adana rasit da kwalin, domin da su zai tsaya gaban mai shago.