BAYAN KYAMARA: Idan Diron Ya Ƙi Tashi A Lokeshin

A shekarun 2000, in darakta yana son a ɗauko rawa da waƙa daga sama, sai dai kyamaraman ya nemi tsani ko ya hau rufin gida. Yanzu ɗan ƙaramin jirgin nan mara matuƙi, wato diron, ya ɗauke wannan wahala. Amma fa shi ma yana da nasa taurin kan!

A ce furodusa ya kwashi 'yan wasa daga Kano zuwa bakin dam ɗin Chalawa da ke Ƙaraye, wanda aka kammala a 1992, ko wani ƙauye a Rogo. An biya kuɗin mota, jaruma ta gama kwalliya, sai diron ya ce atafau ba zai tashi ba.

Sau da yawa ba lalacewa ya yi ba. Batirin DJI yana rage cajinsa da kansa in ya yi kwanaki a ajiye. Rodin cikin kankare ko mota a kusa kan rikita kamfas ɗinsa, sai a koma fili a sake saita shi. Ƙurar hunturu ma tana cushe injin farfela.

In kwamfuta ta ƙi ganinsa, a fara zargin kebul: wani na caji ne kawai, ba ya ɗaukar bayanai. A canza shi, a kunna diron, sannan a buɗe manhajar DJI Assistant 2 wadda ta dace da samfurinsa.

Matasa masu sha'awar harkar, ku gwada komai tun kuna Kano. In hasken la'asar ya wuce, kuɗin ranar sun tafi ke nan.