Ƙaramin Sani Ƙuƙumi Ne: Batun Gwajin Gaggawa Na Cutar Hapis

Jama'a, akwai wata ɗabi'a da ta kama gindi a tsakaninmu, mu masu ɗan ilmin boko, watau duk abin da ya fito daga ɗakin gwaji a kan takarda sai mu karɓe shi tamkar hukuncin alƙali. A ɗiga jini a kan ɗan faifan roba, a jira 'yan mintoci, layi biyu su bayyana, shi ke nan an yanke wa mutum hukuncin fasiƙanci. Haka ake yi da gwajin gaggawa na cutar hapis, mun kuwa ga ya wajaba mu ce a dakata.

Da farko dai mu san abin da ake magana a kai. Ƙwayar wannan cuta iri biyu ce. HSV-1 ita ce ke haddasa ƙurajen nan da kan feso a leɓe bayan zazzaɓi, galibi kuwa tun ana yara ake kamuwa da ita. HSV-2 ta fi zama a al'aura, ana kuma ɗaukar ta wajen saduwa. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya nuna mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50, watau kashi 64 cikin ɗari, suna ɗauke da ta farko, miliyan 520 masu shekara 15 zuwa 49 kuma suna da ta biyu. Akasarinsu ba su taɓa ganin wata alama ba.

To, me gwajin gaggawa ke dubawa? Ba ya ganin ƙwayar kanta. Garkuwar da jiki ya ƙera bayan ya haɗu da ita, ita yake nema. Wannan garkuwa kan ɗauki makonni kafin ta bayyana, wani lokaci har 12, saboda haka wanda ya kamu makon jiya ana iya sallamar sa a ce lafiyarsa lau. In kuwa ta bayyana, ba ta faɗin yaushe aka kamu, ko daga wa. Idan ta HSV-1 ce, ba ta ma nuna ko a leɓe ƙwayar take ko a wani wuri. Gwajin IgM da ake tallatawa da sunan mai gano sabon kamu ya fi muni, domin ba ya bambanta iri biyun, shi ya sa hukumar CDC ta Amurka ta ce a cikin ƙa'idojinta na 2021 kada a yi amfani da shi.

Ga kuma batun sakamakon ƙarya. A shekarar 2016 kwamitin ƙwararru mai ba da shawara kan rigakafi a Amurka ya yi lissafi, ya ga in aka bi jama'a marasa alama da gwajin jinin da aka fi amfani da shi a can, kusan rabin waɗanda za a ce suna da HSV-2 ba su da ita. Sai ya ba da shawarar kada a riƙa yi wa marasa alama wannan gwaji, ya kuma sake jaddada haka a 2023. A shekarar ce ma hukumar kula da magunguna ta FDA ta gargaɗi likitoci kan irin wannan kuskure. In ƙwararrun Amurka da hukumominta sun ja da baya haka, ina dalilinmu na rungumar su ido rufe?

Wani zai ce ai rigakafi ya fi magani. Gaskiya ne, shi ya sa muke goyon bayan gwajin kafin aure, irin wanda Jihar Kano ta mayar doka a 2024, na ƙanjamau da ciwon hanta da sikila. Amma cusa hapis cikin jerin don a ƙara kuɗin gwaji wani abu ne dabam. A ƙasar da zato kaɗai kan rushe baiko, kuma budurwa ce ke fara shan kunya, layi biyu na ƙarya ba ƙaramin zalunci ba ne.

Abin da muke nema a fili yake. Mai ƙuraje ya je wurin likita tun suna ɗanye, a shafo ruwansu a yi gwajin PCR, wanda ke gano ƙwayar da irinta, a ba shi magani irin asiklobir, mai rage raɗaɗi da yawan dawowar ciwon, ko da yake ba ya kawar da ƙwayar. Mai juna biyu da ta ga ƙuraje ta gaggauta shaida wa ungozoma ko likita, domin cutar tana da haɗari ga jariri. Duk sakamakon jini da ya ce akwai HSV-2, a tabbatar da shi da gwaji na biyu mai wata hanya dabam kafin a furta wa kowa.

Ku ɗaliban likitanci da na kimiyyar gwaje-gwaje, da ku ma'aikatan da gobe za ku sa hannu a takardun sayo kayan asibiti, amanar tana wuyanku. Kada ku miƙa wa mutum takarda ba tare da bayanin iyakarta ba. Allah Ya sa mu gane.