Wasan Jifan Ƙarfe a Ƙasar Ailan

Ailan wani tsibiri ne da ke yamma da Ingila. Mutanen karkararsa suna da wani tsohon wasa wanda ba ya bukatar fili ko gini, sai hanya kurum. An fi yin sa a lardi biyu, wato Cork a kudu, da Armagh a arewa.

Ga yadda a ke yin sa. Mutum biyu su kan fito, kowa da dunƙulen ƙarfe mai nauyin oza 28, girmansa kamar na ƙaramin lemo. Mai jifa ya kan sheƙo da gudu, ya wurga ƙarfen, ya yi ta gangarawa bisa hanya. Inda ya tsaya sai a sa alama da alli, daga nan za a sake jifa. Haka za su yi ta yi har wajen mil biyu ko fiye. Wanda ya kai ƙarshe da jifa mafi kaɗan, shi ya ci.

Waɗansu mutane ba su son wasan nan. Sun ce yana tare wa motoci hanya, ƙarfen yana iya raunata mai wucewa, kuma 'yan kallo su kan yi caca a kansa. Maganarsu da gaskiya a ciki, musamman zancen caca, gama ba ta da kyau ko'ina. Amma don ƙuma ba a ƙone tabarma. Abin da ya dace shi ne gyara. Tun 1954 aka kafa ƙungiya mai kula da dokokin wasan, a 1963 kuma aka fara gasa ta tsibirin duka. Kafin a yi jifa a kan yi shela a ba da hanya. Yanzu har mata da yara suna da tasu gasar.

Babban dalilin da ya sa bai kamata a bar wasan ya mutu ba, shi ne waƙoƙinsa. Mawaƙan ƙauye su kan tsara waƙa a kan gwanaye, su ambaci hanyar da aka kara, da wanda ya ci. Akwai wata sananniyar waƙa a birnin Cork mai yabon samarin unguwar Fairhill, a cikinta an ambaci jifan ƙarfensu. Gwanaye kuwa sun bar abin faɗi. A 1955 wani mai suna Mick Barry ya cilla ƙarfe mai oza 16, ya ƙetare saman gadar jirgin ƙasa ta Chetwynd, wadda tsawonta sama ya kai wajen ƙafa 90.

Alamar alli ruwan sama ɗaya ke share ta, amma waƙa jika ya kan karɓe ta daga bakin kakansa. Ta haka yaron Ailan ke sanin sunayen mazajen garinsu, da hanyoyin da suka yi suna a kai. In an hana wasan, mawaƙa za su rasa abin waƙa, yara kuma su rasa labarin iyayensu. Saboda haka ya fi kyau mai mota ya yi haƙurin 'yan mintoci, a gama jifa, sa'an nan ya wuce.