Sharhi: Tallar da ke shiga wayoyin Sakkwatawa da rigar labari

Duk wanda ke bibiyar shafukan Facebook da zaurukan WhatsApp na birnin Sakkwato ya san salon. Rubutu ɗaya mai yabon aikin gwamnati ko hajar wani kamfani sai ya bayyana a shafuka da dama lokaci guda, da hotuna iri ɗaya. Babu inda ake faɗa wa mai karatu ko an biya kuɗi.

Sana'ar ba sabuwa ba ce. Sojojin baka sun daɗe suna sayen fili a gidajen rediyo, sai dai a can mai sauraro yakan ji sanarwar cewa an ɗauki nauyin shirin. A intanet babu wannan shinge. A Janairun 2023, binciken BBC ya gano cewa jam'iyyun siyasa a Najeriya suna biyan masu tarin mabiya a asirce domin yaɗa ƙarya kan abokan hamayya, inda wasu ke karɓar har naira miliyan 20.

Doka ba ta yi shiru ba. A 2022 aka kafa hukumar ARCON, wadda ta gaji APCON, kuma ta umarci masu tasiri a kafafen sada zumunta su nemi amincewarta kafin su saki talla. Haka ma dokar 1990 ta keɓe aikin hulɗa da jama'a ga waɗanda cibiyar NIPR ta yi wa rajista. Amma hukunta mai talla a ɓoye abu ne da ba kasafai ake jin labarinsa ba.

Mai suka kuwa, lamarinsa daban ne. A Nuwamban 2024, 'yan sanda a Sakkwato sun gurfanar da wata matashiya 'yar shekara 18 bayan bidiyon da ta yi tana sukar Gwamna Ahmad Aliyu kan hare-haren 'yan bindiga. Rundunar ta zarge ta da tunzura jama'a, yayin da Amnesty International ta ce yunƙurin toshe baki ne.

A nan haɗarin yake. Idan yabo na kawo kuɗin data, suka kuma na iya kai mutum kotu, hoton jihar da ke isa ga matasa zai karkata gefe guda. Mutumin Isa ko Sabon Birni da ya tsere daga gonarsa ba shi da mai tallata kukansa.

Talla halastacciyar sana'a ce, kuma 'yan kasuwar Sakkwato da dama na cin abinci da ita. Abin da ake buƙata shi ne mai shafi ya rubuta ƙarara cewa an biya shi, hukumomi su bayyana abin da suke kashewa kan yaɗa labarai, mai karatu kuma ya tambayi wanda ya ɗauki nauyin rubutu kafin ya tura shi gaba.