Raddi ga mai cewa fim ya binne littafi

Wani matashi cikin masu kallon katun ɗin Japan a nan cikin birnin Kano ya yi rubutu, ƴan'uwansa suna ta yayata shi daga Yakasai har Mandawari, wai zamanin takarda ya wuce. Hujjojinsa uku ne: hoto mai motsi ya fi zane a tsaye razanarwa, shaidarsa Uzumaki, fim ɗin Shaihu Umar ya shafe littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa tunda har Jamus aka kai shi, sannan wai babu mai karatu yanzu. Sauran abin da ya faɗa bai kai a ɓata masa tawada ba.

Uzumaki! Ɗana, duk faɗin Japan ka rasa shaidar da za ka kawo sai wadda za ta kayar da kai a gaban alƙali? Junji Ito ya zana labarin nan tsakanin 1998 da 1999, juzu'i 3, a kan wani ƙaramin gari mai suna Kurouzu wanda masifar murɗewa ta faɗa masa. Uban wani saurayi mai suna Shuichi ya kamu da son duk abin da ke da naɗi, har ya cusa kansa cikin baho na katako ya naɗe jikinsa kamar gammo, ya mutu a haka. Matarsa ta aske gashinta, ta yanke fatar kan yatsunta don kada ta ƙara ganin naɗi, daga baya ta ji akwai wani a cikin kunnenta, ta soke shi. Wani ɗan makaranta ya rikiɗe ya koma dodon koɗi.

To, ina tsoron yake? A hannun mai karatu yake. Ito yakan ajiye mugun hoton a bayan shafi. Kana ganin idon Kirie, yarinyar labarin, ya fito, ka san akwai abu a gaba, kuma kai ne za ka buɗe da yatsanka. In ka so ka yi jinkiri, in ka buɗe ka so ka daɗe kana kallo har cikinka ya ɗuri ruwa. Daga dama ma ake karanta littafin, yadda muke karanta ajami. Shi kuwa fim ba ya jiran kowa, ya nuna ya wuce.

An sanar da aikin katun ɗin a 2019, aka yi ta ɗagawa, sai 2024 tashar Adult Swim ta Amurka ta fitar da shi, kashi 4 kacal, baƙi da fari. Kashi na farko, wanda Hiroshi Nagahama ya ba da umarni, ya yi kyau, ban musa ba. Daga na biyu zanen ya lalace, masu kallo a duniya suka yi ta tsegumi. Labaran da Ito ya jera ɗaya bayan ɗaya, kowanne da lokacin da zai nuna, aka cakuɗa su ana gudu. Ko dai kashi ɗaya ka kalla ka ɗauki alƙalami, ko kuwa ba ka taɓa riƙe littafin ba.

Batun Shaihu Umar kuma, ba ni da faɗa da Adamu Halilu. Fim ɗinsa na 1976 abin alfahari ne, kuma ta hanyar wasan kwaikwayon da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka tsara ya biyo, don haka jika ne ga littafin. Amma wa ya riƙe labarin? Fim ɗin ɓacewa ya yi shekara da shekaru, sai a 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar hukumar fina-finai ta ƙasa, aka gyara shi, aka nuna a Balin ta Jamus a 2018. Duk tsawon wannan lokaci littafin, wanda ya fito daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933, yana hannun ɗalibai. Kuma in tashin hankali kake nema, ga uwa ta biyo sawun ɗanta har Kano, aka yaudare ta, ta ƙare baiwa a Tarabulus, suna haɗuwa ba ta daɗe ba ta cika. Shaihu yana ba almajiransa labarin nan cikin natsuwa, ba kuka ba ihu, abin da ya sa ya fi ciwo ke nan. Mu da muke ratsa Kasuwar Kurmi, inda aka sayar da bayi, muke wuce Dandalin Turawa inda fataken Larabawa suka zauna, ba sai an haska mana bango za mu gane ba.

Zuwa Jamus kuwa ba ma'auni ba ne. In don fita waje ne, ai Mervyn Hiskett ya fassara littafin zuwa Turanci tun 1967.

Na ukun fa? Wai babu mai karatu. Kai da ka rubuta, so kake a kalle shi ko a karanta?