Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi

Duk ɗan Suleja da ke neman abinci a Ikko ko Badun ko Fatakwal ya san in motarsa ta biyo ta Lakwaja ya hango Dutsen Zuma, to, ya iso gida. Yakan zo da tsaraba, atamfar uwargida da takalman yara. Amma akwai wata tsarabar da mutum kan shigo da ita gida, ko ya tarar da ita a gida, ba tare da kowa ya sani ba, watau ƙwayar cutar ƙanjamau.

Tun 1986 aka ba da sanarwar ɓullar wannan ciwo a Nijeriya. A wancan zamani wanda ya kamu sai dai jiran kwana, saboda haka jama'a suka ɗauki al'adar rufa-rufa. A 1997, da mawaƙin nan Fela ya rasu a Ikko, wansa Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, tsohon Ministan Lafiya, ya fito fili ya faɗi abin da ya kashe shi, domin mutane su farka. Binciken da aka yi a duk faɗin ƙasa a 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da ƙwayar. Waɗannan kuwa ba baƙi ba ne, 'yan'uwan wasu ne, da maƙwabtansu, da abokan cinikinsu.

Yau al'amari ya sake. Tun 2006 Gwamnatin Tarayya ta mai da maganin kyauta a asibitocinta. Maganin ba ya kashe ƙwayar ƙurmus, amma wanda ya riƙe shi kullum yakan danne ta har a kasa ganinta a gwaji, kuma a wannan hali ba ya shafa wa iyalinsa. Mace mai ciki da ta fara sha da wuri tana iya haihuwar ɗa lafiyayye. Ashe ke nan abin da ya fi kisa yanzu kunya ce. Kunya ke hana magidanci zuwa Babban Asibitin Suleja don kada wani ɗan unguwa ya gan shi a layi. Ita ke sa wani ya bar ƙwayoyinsa a Agege in zai zo salla, don kada uwargida ta tambaya, alhali kuwa yanke magani shi ke ba cutar ƙarfi.

Saboda haka ya kamata duk mai shirin komawa gida ya fara zuwa gwajin jini, abin da ba ya cin awa guda. Mai shan magani ya roƙi na watanni kafin ya taso, in kuwa ƙaura zai yi ya karɓi takardar canjin asibiti. Wanzamai da masu yankan farce su riƙa sake reza ga kowane mutum. Kada a ɗaura aure, na budurwa ko na bazawara, sai an gwada ango da amarya.

Sauran magana tana wuyan Sarakunan Hausawa da limaman Sabo da Idi-Araba da Agege. Su sanar da jama'a cewa ba a ɗaukar ƙanjamau ta cin tuwo a akushi ɗaya, ko musafaha, ko buta, ko cizon sauro. Su tuna musu cewa dokar ƙasa ta 2014 ta haramta korar mutum daga aiki ko makaranta saboda wannan ciwo. Matar da mijinta ya rasu ya bar ta da cutar ba ta cancanci tsangwamar dangi ba, ta cancanci abinci da sutura da kuɗin motar zuwa asibiti. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya kai matafiya gida lafiya, amin.