Malt nawa za a zuba? Tambayar masu haɗa giya a gida da ta shafi mai kunun zaƙi

A shagunan Ingila da Ostareliya ana sayar da wani kwali da ke ɗauke da bokitin roba mai murfi, da gwangwani mai nauyin kilo 1.7 ko kusa da haka, da 'yar takardar yis. Abin da ke cikin gwangwanin kauri gare shi kamar maɗi. Daga sha'ir ake yin sa: a jiƙa ƙwayar ta tsira, a busar, a niƙa, a tatso zaƙin da ruwan zafi, sannan a dafe har ya yi kauri. Tsirarren hatsin nan shi ake kira malt.

Wanda ya saya zai narkar da maɗin, ya cika ruwa zuwa lita 23, ya barbaɗa yis ya rufe. Cikin mako ɗaya zuwa biyu ya zama giya. Doka ta yarda da haka a can. Birtaniya ta cire sharaɗin lasisi a 1963, Amurka kuma ta halatta a 1978 lokacin shugaba Jimmy Carter, muddin ba sayarwa za a yi ba.

Mai karatu da bai taɓa kusantar giya ba zai ce ina ruwansa. Da ruwansa, domin muhawarar da masu wannan sha'awa ke tafkawa tana fayyace abin da jama'a da dama a Najeriya ke jayayya a kai ba tare da sanin yadda yake aiki ba.

Muhawarar tasu a kan awo take. Gwangwani ɗaya ba ya isar lita 23, shi ya sa yawancin kamfanoni ke cewa a ƙara kilo ɗaya na sukari. Waɗanda suka daɗe a harkar suna ganin wannan rowa ce kawai, tun da sukari ya fi malt araha. Yis yana cinye sukarin tebur ƙarƙaf ya mayar da shi barasa da iska, ba ya barin komai. Zaƙin malt kuwa kusan kashi uku cikin huɗu kaɗai yake iya ci, ragowar ita ke ba abin shan kauri da ɗanɗano.

Saboda haka wasu ke watsar da sukarin su zuba gwangwani biyu. Barasar da za ta fito ba ta da wani nisa da ta farko, wajen kashi 4 cikin 100, sai dai ɗaci ya ninka saboda furen hops da aka dafa a cikin kowane gwangwani. Wasu garin malt suke saye, kuma a nan sababbin shiga ke tafka kuskure, domin kusan kashi ɗaya cikin biyar na maɗin ruwa ne. Kilo ɗaya na maɗi daidai yake da kimanin giram 800 na gari. Wanda kuma ya haɗa gwangwani biyu da kilon sukari a bokiti ɗaya, ya haura kashi 6. Kowane kilo na sukari a lita 23 yana ƙara barasa wajen kashi 2.

Ba da ka ake wannan lissafi ba. Akwai wata 'yar sandar gilashi da ake tsomawa a ruwan, wadda ke nuna nauyinsa. Tsabar ruwa 1.000 yake nunawa. Ruwan malt kafin a zuba yis yakan nuna wajen 1.040, bayan yis ya gama aiki ya sauko kusan 1.010. Tazarar da ke tsakanin lambobin biyu ita ce zaƙin da ya koma barasa. Wanda ya yi gaggawar ɗurawa a kwalba kafin lambar ta tsaya, yakan tashi cikin dare ya ji kwalabe na fashewa.

Abin da wannan awo ke nunawa shi ne, malt zaƙi ne kawai. Abubuwa uku ke mayar da shi giya: yis, da lokaci, da yawan zaƙin da aka ba yis ya ci. Amurkawa sun san haka tun lokacin da aka haramta giya a ƙasarsu daga 1920 zuwa 1933. Kamfanoni irin su Anheuser-Busch da Pabst sun koma sayar da maɗin malt a gwangwani a matsayin kayan gashin burodi, kuma doka ba ta hana ba, ko da yake kowa ya san ba burodi ne ya yi yawa a gidaje ba.

A Najeriya malt ya daɗe da zama ɗan gida. Tun da gwamnatin Babangida ta hana shigo da sha'ir da malt ɗinsa a 1988, kamfanoni suka koma ga dawa, wadda manoman Arewa ke nomawa. Akwai malt a Milo da Bournvita da Ovaltine da yara ke sha da safe. Shi ne ginshiƙin Maltina da ire-irenta. Masu burkutu da tsiron dawa suke aiki. Masu kunun zaƙi da yawa kuma suna zuba tsiron hatsi ko busasshen dankali don kunun ya saki ya yi zaƙi, wato dai aikin da malt ke yi wajen haɗa maɗin da ake zubawa a bokitin Bature.

Duk da haka, kalmar ce ke tsorata mutane. Za a ga mutum yana ƙyamar lemon malt don ya ji kamfanin giya ne ke yin sa, alhali zaƙin da ke cikin kwalbar ba a bar yis ya cinye ba. Ko ya dace a yi ciniki da kamfanin da ke yin giya, wannan tambaya ce ta malamai, kuma tana da muhallinta. Amma game da abin da ke cikin kwalbar, wanda ya fi cancanta ya yi hattara shi ne mai ciwon suga, domin zaƙin yana nan daram. Masu kai wa maras lafiya katon ɗin malt a asibiti don "ƙarin jini" ya kamata su fara duba adadin sukarin da aka rubuta a jikin gwangwanin.

Mutumin nan da ke gudun lemon malt shi ne kuma zai sayi kunun zaƙi ko zoɓo a gorar roba ba tare da tambayar yaushe aka dama ba. Kunun da aka yi yau aka sha yau, tsaminsa irin na nono ne. Amma ruwa mai zaƙi da ba a tafasa bayan haɗi ba, aka toshe a gora, ya kwana biyu ko uku a zafin watan Afrilu babu firji, ya samu duk abubuwan nan uku. Yis ba sai an saya ba, yana jikin hatsi da tukunya da iska. Barasar da za ta samu ba za ta kai ta bokitin Ingila ba, amma tafarkin ɗaya ne.

Bai kamata a ɗora wa mai kunu sayen sandar gilashi ba. Abin da ya dace shi ne ta dama daidai wanda zai ƙare a ranar, masu sanyawa a gora da suna da lakabi kuma su rubuta ranar da aka yi, hukumomin lafiya na jihohi su riƙa dubawa. Mai saye ma yana da nasa awon: idan gorar ta kumbura ta yi tauri, aka murza murfi ta yi huci kamar lemon kwalba, to wani abu ya riga shi fara shan zaƙin.